Bayan An Watse Daga Taron Sadaka, Ina Baƙo Zai Kwana?

Duk wanda Allah Ya nufa ya taɓa ratsa kasuwar Mile 12 a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da manyan motocin tumatur da albasa da attarugu suke isowa daga Kano da Sakkwato da Filato, ladani kuma bai kai ga kiran assalatu ba, to, in har idonsa ya sauka daga kan kwanduna zuwa ƙasa, zai ga abin da hasken rana da hayaniyar ciniki suke ɓoyewa. Mutane ne kwance jere da juna, wani a kan teburin da za a kasa kaya da safe, wani a cikin baron da yake dako da shi, wani a ƙarƙashin motar da ba tasa ba, wani kuma ya shimfiɗa kwali a gindin gada, ya yi matashi da takalmansa don kada a wayi gari babu su. Mu kuwa da muka fito daga ɗakunanmu na Ketu da Ikosi da Agiliti ɗauke da alwala, sai mu tsallake su a hankali kamar yadda ake tsallake kwata, mu shiga sahu, mu roƙi Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, alhali kuwa ga waɗanda nasu asirin yake a buɗe a ƙofar masallacin, ba mu taɓa tambayar ko da sunayensu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne, a 'yan shekarun nan tarurrukan sadaka sun yawaita a tsakanin jama'armu mazauna Ikko, har ya zama da wuya watan azumi ko babbar salla ko maulidi ya wuce ba a kafa rumfa a Agege ko Ketu ko Idi-Araba ba, a jera kujeru, a gayyaci sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, a raba shinkafa da taliya da atamfa. Wannan kuwa alheri ne wanda ba mai hankalin da zai kushe shi, domin ciyar da mayunwaci yana daga cikin mafifitan ayyuka, kuma na ga dattijon da ya karɓi ƙunshin abinci a irin wannan taro yana sa albarka har muryarsa tana rawa. Amma na sha tsayawa bayan an naɗe tabarmi, masu hoto sun kwashe kayansu, manyan baƙi sun shiga motocinsu, na ga wanda aka ciyar ɗin ya ɗauki ledarsa ya nufi gindin gadar da ya fito, sai na tambayi kaina ko wannan taro ya ƙara wa wani daga cikinmu sanin halin da mutumin yake ciki, ko kuwa dai mun sayi natsuwar zukatanmu ne da mudun shinkafa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, taron sadaka shi ne mafi girman dama da muke da ita ta farkar da jama'a game da marasa makwanci, kuma muna ɓarnatar da wannan dama duk shekara.

Farkon cutar shi ne ba mu yarda akwai ta ba. Bahaushe yana da suna ga kowane mai neman halali a kasuwa, akwai ɗan dako, da mai baro, da ɗan ga-ruwa, da mai shayi, da ɗan bola-jari, da mai yankan farce, da mai gyaran takalmi, kuma da zarar mun kira mutum da sunan sana'arsa sai mu ɗauka al'amarinsa ya daidaita. Shi kansa kuma muruwa ba za ta bar shi ya tona cikinsa ba, in ka ce masa, "Samari, ina kake kwana?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Muna nan cikin kasuwa, Alhaji," kai kuma ka ce madalla, ka wuce, kamar dai kasuwa gida ce mai ƙyaure da sakata. Haka muka mayar da rashin makwanci wani rukuni na ci-rani, muna cewa ai namiji ne, ai mu ma haka muka faro, muka manta cewa ci-ranin da muka sani watanni ne tsakanin kaka da faɗuwar damina, mutum ya koma gona, alhali yanzu akwai wanda ya shekara biyar a kan benci ɗaya, domin ƙauyen da zai koma 'yan bindiga sun tashe shi a Zamfara ko Katsina, ko kuwa Boko Haram ta kore shi daga Barno tun yana yaro. Wanda ba shi da inda zai koma ya fita daga hukuncin ɗan ci-rani, ko da kuwa da harshensa yana kiran kansa haka.

Dalilan da suka kai mutane ga wannan hali ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya zauna a garin nan. Mai gidan haya a Ikko ba ya sauraron wanda bai zo da kuɗin shekara a dunƙule ba, ga kuɗin dillali, ga na rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna, kuma ko da yake dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, shekara gudan ma ta fi ƙarfin wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau. Sa'an nan ga rusau, wanda ya zama kamar al'ada ga hukumomin wannan birni: a watan Yuli na 1990 aka baje Maroko, aka watsa mutane kimanin 300,000, tsakanin ƙarshen 2016 da farkon 2017 kuma aka kori fiye da mutum 30,000 daga Otodo Gbame, kuma duk wanda aka rushe wa ɗaki ba a ba shi wani ba, lalle a wani lungu zai kwana. Ga kuma hana acaɓa, wanda aka tsananta a watan Yuni na 2022, ya iso ƙaramar hukumarmu ta Kosofe a watan Satumba na 2022, ya raba samari masu yawa da abin da suke haɗa kuɗin ɗaki da shi. Mu nan gefen Mile 12 muna da namu ƙarin jarrabawar, domin duk lokacin da kogin Ogun ya cika ya batse, Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sukan wayi gari cikin ruwa, kuma ba mu manta da tarzomar watan Maris na 2016 ba, wadda aka ƙona gidaje a cikinta, aka rufe kasuwa. Wanda yake son ya san iyakar da ƙuncin ya kai, ya tuna cewa a 2024 gwamnatin jiha ta ba da sanarwar gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, ana biyan hayar Naira 250,000 a shekara. Wato har gindin gada ma ya sami mai gida, ya kuma fi ƙarfin talaka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kakanninmu da suka fara sauka a ƙasar Kurmi sun warware wannan mas'ala tun ba a haife mu ba, ba tare da sun san kalmar ƙungiya ko gidauniya ba. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yawaita a Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, kowane zango kuma ya tsayu a kan ginshiƙi guda, wato maigida ko fatoma, wanda yake da zaure da ɗakunan baƙi, yake saukar da falke, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa wajen ciniki, in ya yi rashin lafiya ya yi jinyarsa, in ya rasu ya yi masa sutura. Har wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya wallafa littafi a 1969 yana bayanin yadda kasuwancin Hausawa gaba ɗaya ya rataya a kan waɗannan masu masauki. Ban ce don Allah kaɗai suke yi ba, suna da la'adarsu. Amma tsarin ya tabbatar da cewa baƙo yana da wanda ya san sunansa da garinsu. Yau zauren ya zama shago, ɗakin baƙi an ba ɗan haya, masu zuwa kuma sun ninka masu sauke su sau da yawa, har abin da ya rage na wancan tsari bai wuce barandar masallaci da gidan wanka ba, inda mai ɗan hali yake biya ya ajiye jakarsa, ya miƙe ƙafa zuwa asuba.

Mutanen wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa amfanin taron agaji ya wuce abin da aka tara a faranti. A Ingila akwai al'adar da masu hali suke fita su kwana a waje dare guda, don su tara kuɗi, su kuma jawo hankalin jama'a ga masu kwana a titi. A watan Disamba na 2009 Yarima William da kansa ya kwana a kan kwali kusa da gadar Blackfriars a birnin Landan cikin tsananin sanyi, tare da shugaban ƙungiyar agajin marasa makwanci ta Centrepoint, Seyi Obakin, wanda asalinsa ɗan Nijeriya ne. Ranar 10 ga Oktoba kuma an keɓe ta a ƙasashe da dama don tunawa da marasa makwanci. Ba ina kira ga alhazanmu su kwashi barguna su je gindin gadar Ketu su yi kwaikwayon talauci ba, domin wanda ya san gadonsa yana jiransa gobe bai ɗanɗani abin da ke cin zuciyar wanda ba shi da goben ba. Darasin da nake so mu ɗauka shi ne, su sun shirya taron ne domin mai bayarwa ya koma gida da ilmin da bai zo da shi ba, mu kuwa muna shirya namu domin mai karɓa ya koma da leda.

Kuma ba mu da bukatar aron hujja daga Landan, domin tana cikin littattafan da muke karantawa a zaurukan malamanmu. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da rumfa a gefensa wadda ake kira Suffa, inda matalautan Sahabbai waɗanda ba su da gida ko dangi a Madina suke kwana, ana ciyar da su, ana karantar da su, kuma daga cikinsu ne Abu Huraira ya fito, Allah Ya yarda da shi, wanda babu ɗalibin hadisi da bai san sunansa ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba, da ta ƙididdige sinfi takwas na masu cin zakka, ta ambaci ibnus sabili, matafiyin da guzuri ya yanke masa, kuma in ba a sami ibnus sabili a tashar Mile 12 ba, ban san inda za a same shi ba. Sayyidina Umar ya mayar da gonarsa ta Haibara wakafi, aka tsare asalinta, ana ciyar da amfaninta ga mabukata da baƙi da matafiya. Malamai sun sanya suturta wanda ba shi da sutura da ceton wanda yake cikin halaka a babin farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, idan kuwa kowa ya yi biris, laifin ya hau kan duk mai iko. To, ina wanda ya ɗauke mana wannan farilla a Ketu?

Saboda haka ga shawarata ga shugabannin kasuwa da limamai da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa, kuma matakinta na farko ba ya bukatar a ƙara ko kwabo a kan abin da ake kashewa yanzu. Kafin ranar taro da mako biyu, a tashi samari amintattu tare da dattijo guda a kowane sashe, na 'yan tumatur da na 'yan albasa da na 'yan doya da na tasha, su zaga bayan sallar isha, su ƙirga masu kwana a fili, su rubuta garin kowa da tsawon zamansa da abin da ya hana shi ɗaki, cikin ladabi da sirri, ba tare da ɗaukar hoton fuskar kowa ba. Ranar taro kuwa, kafin a gabatar da babban baƙo, kafin maroƙi ya buɗe baki, a karanta wannan adadi a bainar jama'a, a ce a daren jiya mutum kaza ne suka kwana a ƙasa a cikin kasuwar da muke cin arziki, kaza daga cikinsu yara ne da ba su balaga ba, kaza tsofaffi ne, kaza mata ne. Na tabbata wannan lissafi zai yi wa zukata abin da dogon wa'azi bai yi ba, domin Bahaushe ɗan kasuwa ne, yana girmama abin da aka ƙirga. In an sami wanda ya taɓa kwana a baro, Allah Ya buɗa masa har ya zama mai rumfa, kuma irinsu suna da yawa a cikinmu, to, shi ya fi cancanta da a miƙa wa lasifika.

Sa'an nan a raba abin da aka tara gida biyu, bisa ga abin da fiƙihu ya tsara. Mafi yawan fuƙaha'u sun tafi a kan cewa zakka ana damƙa ta ne ga mai haƙƙi, ba a yin gini da ita. To, da ita sai a biya wa wanda yake son komawa gida kuɗin mota da ɗan jari, a kuma ba mutum huɗu ko biyar abin da za su haɗa su kama ɗaki guda. Sadakar ganin dama kuwa, a tsare wani kaso nata kowace shekara, kada a dafa shi, har ya isa a yi hayar gida ko a sayi fili a yi masa wakafi, ya zama masaukin baƙi mai rijista, mai banɗaki da wurin ajiyar kaya, mai sashen mata dabam, wanda sabon zuwa zai sauka a ciki na wata biyu ko uku kafin ya tsaya da ƙafarsa. Kasuwar da motoci suke sauke kaya a cikinta dare da rana ba za ta gaza wannan ba, in an ɗora ɗan abu kaɗan a kan kowace mota da yardar masu ita. Sharaɗi guda ne ba makawa daga gare shi, wato a taron baɗi a fara da karanta lissafin na bana, shige da fice, a gaban kowa, domin abin da ya kashe gidauniyoyi da yawa a cikinmu shi ne an tara, an tafa, ba a sake jin labari ba. Akwai waɗanda suka riga mu tsara irin wannan aiki, kamar hukumar zakka da wakafi ta jihar Sakkwato, da kuma gidauniyar Zakat and Sadaqat a nan Ikko, kuma tambayar wanda ya riga ka ba kasawa ba ce.

Na san za a yi mini ƙorafi ta fuska uku. Wani zai ce sadaka a ɓoye ta fi, taro kuwa ƙofar riya ce. Amsata ita ce Alƙur'ani ya halatta bayyanawa ya kuma fifita ɓoyewa, hanyar haɗa biyun kuma ita ce a bayyana bukata a ɓoye mai bayarwa, saɓanin abin da muke yi yanzu na shelar sunan Alhaji da adadin kuɗinsa, da jera miskinai a gaban na'urar hoto. Wani zai ce in aka gina masauki, mutanen Arewa za su ƙara kwararowa. Amsata ita ce suna kwararowa tun babu shi, domin tsoro da yunwa ne suke koro su, kuma baƙon da aka rubuta sunansa, aka san maigidansa, ya fi zama aminci ga unguwa da ga sunan Bahaushe fiye da wanda ba wanda ya san shi sai ranar da aka kama shi. Wani kuma zai ce wannan aikin gwamnati ne, kuma ya yi gaskiya. Amma abin da muka fi gani daga hukuma shi ne motar kame da ke kwashe mutane zuwa Majidun a Ikorodu, da cunkoson gidan nakasassu na Okobaba a Ebute Metta, kuma jama'ar da ta je gaban hukuma riƙe da adadi a rubuce da aikin da ta fara da hannunta, ita ake saurara.

Wajibi ne kuma in ƙara da cewa gindin gada bai san ƙabila ba. A cikin masu kwana a can akwai Bayarabe da Ibo da Bazabarme da mutumin Kwatano, kuma haƙƙin maƙwabtaka a shari'a bai tsaya a kan mai jin harshenka ba. Unguwar da ta ga tarzomar ƙabilanci a watan Nuwamba na 1999, ta sake ganin irinta a 2016, ta fi kowa sanin tsadar zaman 'yan marina. Saboda haka in za a yi taro, a gayyaci baale, wato mai unguwa na Yarbawa, da limaman Yarbawa da shugabannin coci, in an buɗe masauki kuma kada a tambayi mai sallama daga ina ya fito kafin a shimfiɗa masa tabarma.

Azumi zai sake zagayowa in Allah Ya kai mu, za a sake kafa rumfuna, a ɗora tukwane, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa daga duk wanda ya ciyar. Abin da nake nema daga mai karatu ɗan kaɗan ne: gobe da asuba, in ka iso ƙofar masallaci ka tarar da wanda ka saba tsallakewa, ka dakata har ya farka, ka yi masa sallama, ka tambaye shi sunansa da garinsu da tsawon kwanakinsa a wurin, sa'an nan ka kai wannan amsa gaban kwamitin da ke shirya taron bana, ka ce a fara lissafi da shi. Allah Ya sa mu dace, Ya rufa mana asiri baki ɗaya.